Ƙasar da Ake Shuka Ba Hadari

Tun da na dawo ban huta da amsa tambaya ba. A bakin rijiya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har wadda muka daɗe ba ma shiga harkar juna ta aiko wai tana mini barka da hanya, alhali so take ta ji ko da gaske ne akwai inda ake yankan alkama a tsakiyar rani. To tunda yau kun taru, bari in faɗa muku gaba ɗaya, daga fita har dawowa, kowa ta ji da kunnenta, in ya so a ƙyale ni in yi kaɗina.

Kun san abin da ya fitar da ni, amma zan maimaita saboda baƙuwar da ke cikinmu. Damina ta zo ta wuce gero bai yi ba, wata ta sake zuwa ita ma haka. Gyaɗar da nake sana'ar mai da ƙuli-ƙuli da ita ta kamu da ciwo, ta ƙanƙance tun tana ganye. Muka share rumbu, muka sayar da jaki, muka koma garin rogo da kwaɗon tafasa. Ana cikin haka babban ɗana, wanda muke ce wa Abba saboda sunan surukina ya ci, ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Ya ce akwai wani Alhaji a Ɗambatta da yake sayen gonaki. A sayar masa da gonar da marigayi Malam ya bar mana, mu kwashi yara mu koma kudancin Kano wajen dam, inda ƙanena Habu ya tafi cin rani ya zauna.

"Inna, cewa ake yi a can ruwa ne yake bin mutum har gona. Mu a nan me muke jira?"

Na ce, "Wa ka gani da ya je ya dawo?"

"Ana dai faɗa."

"To ni ba za a sayar da gonar ubanka a kan ana faɗa ba. Bari in je in gani."

Ya ɗauka wasa nake, sai da ya ga na ɗaure kaya. Kayan ma ba su da yawa: ɗan garin kuka a tsumma, daddawa kaɗan da ta rage mini, zabuwarmu ta ƙarshe don kada in shiga gidan ƙanena hannu biyu, sai gyandama cike da ruwan rijiyarmu. Abba ya ari keke ya kai ni Makoda, daga nan na shiga akori-kura zuwa Ɗambatta.

Ranar kasuwa ce. Na san kasuwar Ɗambatta tun ina budurwa ina tallan mai, amma ban taɓa ganinta haka ba. Kara cike da shanu, duk haƙarƙari a waje, masu su Fulani da Buzaye daga arewa suna tsaye ba mai tayawa. Wajen hatsi kuwa mutane sun fi buhuna yawa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne layin da ba a san shi da ba, inda ake sayar da kayan gida. Ga azara da aka cire daga ɗaki, ga ƙyaure, ga turmi. Na ga kwanukan jere na wata, ko gogewa ba su yi ba, an baza su a ƙasa, wani tsoho yana tsaronsu yana kallon wani wajen. Ban tsaya ba, na wuce tasha.

A kiya-kiyar da za ta Kano aka cusa ni a kujerar baya, tsakanin wani wanzami da wani malami mai buzu a hammata. Zabuwa tana kan cinyata. Ba mu yi nisa ba motar ta fara tari, ta mutu a inda ko inuwar kirki babu. Direba ya shige ƙarƙashinta, mu kuma muka zauna a bakin hanya rana tana dukanmu. Can wanzamin ya dubi cinyata ya ce, "Baba, tsuntsuwar nan taki fa ta kusa."

Na duba, ta buɗe baki, ido ya fara juyawa. Na ɗiga mata ruwa, ba ta haɗiya ba. Malamin ya ce in dai ba so nake ta zama mushe ba, a yanka yanzu. Aka shiga neman wuƙa, duk motar babu mai ita. Ƙarshe wanzami ya buɗe zabirarsa ya fito da aska, ya miƙa wa malam yana cewa a yi a hankali, da ita yake cin abinci. Haka aka yanka tsarabar Habu da askar aski a bakin titi, ni riƙe da ƙafafu. Na fige ta a nan kafin mota ta tashi.

A Kano na sauka gidan Hajiya Yagana, wadda a da take sayen mai a hannuna tulu-tulu. Kakanninta daga Barno suka zo, amma ita a nan aka haife ta, kanwa da turaren wuta take sayarwa kusa da tasha. Tana da ɗaki ɗaya da ta ware don matan da hanya ta yanke musu. Na tarar da mata a ciki har babu wajen miƙe ƙafa, wasu da goyo. Na ba ta zabuwar na ce ba za ta kai gobe ba. Ta sa aka dafa da ruwa mai yawa yadda kowa za ta samu romo, ita kuma ta kawo tuwon dawa. Mahaifiyarta, tsohuwa tukuf, tana zaune a tabarma tana yi mini tambayoyi da Barbarci, ina amsawa da Hausa, babu wadda ta ji wata, amma mun yi hira mai tsawo.

Hajiya ta tambaye ni ina za ni. Da na gaya mata sai ta ce, "Tun da rani ya shigo irinku nake saukewa. Duk daga arewa, duk kudu za su. Har yau ban sauke wadda za ta koma ba."

Na ce, "To ki ajiye mini tabarma, ni zan dawo."

Ta ce Allah ya sa, amma yadda ta faɗa na san ba ta yarda ba.

Da safe ta haɗa ni da wani direban babbar mota da yake zuwa ɗaukar tumatir. Motar ba kaya sai kwanduna wofi da aka jera cikin juna, fasinja a kansu suke zama. Abokan tafiyata duk maza ne, kowa da lauje ko fartanya, 'yan ƙwadago daga Kazaure da Daura, har da wani dattijo daga Damagaram. Suka girmama ni suka ba ni kwandon da ya fi tudu. Mota ta faɗa wani rami, gindin kwandon ya burme, na nutse ciki har wuya, ƙafafuna a sama, gyandama a ƙirji. Sai da mutum biyu suka ja ni. Babu wanda ya yi dariya a lokacin, suna ta yi mini sannu, amma na ga kafaɗunsu suna rawa har muka fita daga gari.

Gyangyaɗi ya ɗauke ni a hanya. Abin da ya tashe ni ƙamshi ne, irin wanda ƙasa take yi ranar ruwan fari. Na buɗe ido na dubi sama, babu ko ɗigon gajimare. Na dubi ƙasa, sai ga kore dama da hagu har inda ido ya tsaya. Dattijon nan na Damagaram ya miƙe tsaye ya riƙe ƙarfen mota yana ta salati. Ya tambayi na kusa da shi ko wace ciyawa ce wannan, aka ce masa alkama ce.

Ruwan kuma da kuke ta tambaya, ga yadda yake. Ba kogi ba ne irin wanda muka sani mai lanƙwasa. An haƙa masa hanya miƙaƙƙiya an shafe ta da siminti, su kanal suke ce mata. Babbar ta haifi ƙanana, ƙananan su ma su haifi nasu, har ya isa bakin kowace gona. Yana tafiya ne kawai, ko da mai ɗiba ko babu. Mata suna wanki a baki, wani yana wanke keke, wani ya tsaya a ciki har gwiwa yana alwala. Mu da sai an ƙulla igiya a kan igiya kafin guga ya taɓa ruwa, na tsaya ina kallo kamar wadda ta ga ana zubar da hatsi a titi.

Ban sha wuyar samun Habu ba, don matarsa Delu sananniya ce a wajen 'yan ƙwadago, ita take dafa musu abinci. Ɗaki ɗaya suke haya a wani gida mai mutane da yawa. Garin ya cika ya tumbatsa, bayan gidajen ƙasa duk bukkokin kara ne na baƙi. Delu ta fara ganina, ta saki ludayi ta rungume ni.

"Yaya! Ke ce da kanki? Me ye wannan kika rungumo?"

Na ce ruwa ne. Ta karɓi gyandamar ta jijjiga, ta yi dariya har da hawaye, ta ce in kawo ta zubar ta cika mini da sabo. Na hana. Ruwan ya yi ɗumi, yana warin duma, amma a gabanta na shanye shi tas. Hannuna bai iya zubarwa ba.

Habu ya shigo da yamma. Ya yi ƙiba, wuyansa ya cika, har na ji kunyar yadda yake kallon nawa wuyan. Na ba su labarin zabuwa, na ce ga abin da ya rage, na kwance tsumman kuka da daddawa ina jin nauyi. Sai na ga Delu ta ɗauki daddawar ta kai hanci ta lumshe ido. Ashe a can babu ɗorawa, babu kuka, babu gawo. Lokacin da aka zo daidaita ƙasa don ruwa ya bi, motocin aiki sun tumɓuke itatuwan duka. Daddawa sai an kawo daga nesa, itacen girki ma saye ake yi da tsada. A daren nan maƙwabta suka yi ta aiko da 'yan kwanoni a sam musu miyar kuka.

Ni kuma aka ba ni taliya. Garin alkama ne ake kwaɓawa, a murza shi a wani ɗan inji mai hannu ya fito zare-zare, a shanya a igiya kamar wanki, sannan a dafa a zuba mai da yaji. Na sa hannu na ɗebo, kafin ya kai baki rabi ya zame ya koma kwano, sauran ya rataya a haɓata. 'Ya'yan Habu suka yi ta kallona. Da na gane kanta kuwa ba zan ɓoye muku ba, na ci har na ji cikina ya yi nauyi, abin da na manta yadda yake.

Wasu al'adun nasu sai a hankali na lura da su. Na zaga gidan nan kaf ban ga rumbu ba. Na tambayi Delu ina suke ajiye hatsi, ta ce ai ba a ajiyewa, abin da aka noma sayarwa ake yi, gero da dawa kuma a auno a kasuwa. Gaisuwarsu ma dabam. Mu nan mukan ce ina gajiya, yaya aka ji da rana. Su kuwa in manomi ya haɗu da ɗan'uwansa sai ka ji, "An sako muku?" Wato ruwa. Sai sauro. Ban taɓa sanin ana sauro da rani ba, can kuwa tun la'asar yake fitowa, kusan kowane ɗaki da mai zazzaɓi a kwance. Na kuma ga yaran gidan suna fitsari da jini, tsargiya ke nan. Na nuna wa Delu, ta ce duk yaron da yake wanka a kanal yana yi, sun saba. Ni dai ban saba ba.

Ranar da layinsu zai samu ruwa Habu ya tafi da ni gona. A can ba mutum ne yake zaɓar ranar aikinsa ba. Akwai ma'aikaci mai mabuɗi da yake zuwa a babur ya murɗa ƙofar ƙarfe, ruwa ya shigo, in lokaci ya cika ya rufe ya tafi, ko ka gama ko ba ka gama ba. Ko jana'iza ake yi, in ranar ruwanka ce sai ka bar wani a gona. Habu ya ɗauki wani lanƙwasasshen bututun roba ya nutsa a kanal, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ja shi ya kwantar a gona, sai ga ruwa yana hawowa da kansa yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya. Na tuna yadda Malam yake kwana yana jan jigo a ɗan lambunmu na bakin fadama kafin ta ƙafe, don albasar da ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba.

"Kin ga gonata, Yaya," in ji Habu. Tumatir ne, ya yi ja har ganye ba ya rufe shi.

Akwai wani dattijo da yake taya shi gyara kunya, ana ce masa Malam Garba, ɗan asalin garin. Da rana ta take muka zauna a gindin wata rumfar kara, ya ji daga inda na zo, ya yi mini jaje. Yana magana sai na ji ya ce, "Da can daidai inda kike zaune akwai ɗorawa biyu a gonar nan tawa."

Na dubi Habu, na dubi dattijon. Na ce, "To ni kam na rikice. Gonar ta wane ce a cikinku?"

Habu ya sunkuyar da kai. Malam Garba ya yi murmushi ya ce, "Ba ta ɗayanmu ba ce, Hajiya. Ta wani Alhaji ce a birni, ko sau ɗaya bai taɓa taka ta ba, wakilinsa ne yake zuwa. Ƙanenki yana nomawa a raba. Ni kuma ana biyana a yini."

"Amma ka ce taka ce."

"Ta ubana ce, ni na gada. Da aka kawo ruwa aka ce sai an yi haya ta tarakta, sai takin zamani, sai irin da suka ce, sai kuɗin ruwa. Shekarar fari na ci bashi na yi, tsutsa ta cinye. Ta biyu ban iya ba. Aka zo aka taya, na sayar. Kuɗin bai ga damina ba."

Na ce, "Ba ka jin komai kana aiki a cikinta?"

Ya ce, "Ina ji mana. Amma na fi sanin inda ruwa yake kwanciya a cikinta, shi ya sa suke nemana. Kuma iyalina suna ci, ba zan yi wa Allah butulci ba." Ya tashi ya ɗauki fartanyarsa, don ruwa ba ya jira.

A satin aka shiga wahalar man fetur, motocin ɗaukar tumatir suka daina zuwa. An riga an tsinke, kwanduna jere a bakin titi, rana tana dafa su. Kafin a ankara ƙasan kwandunan ya fara tsiyaya, gari ya ɗauki tsami. Sai kowa ya fito da wuƙa. Ana yanka tumatir biyu a shanya a ƙasa ya bushe, shi ne kauɗa, don a tsira da wani abu. A nan na ga abin da ba a yi a garinmu. Matan aure, ba tsofaffi kaɗai ba, zaune a fili a bakin hanya suna aiki ana biyansu, maza suna wucewa babu mai cewa komai. Na shiga cikinsu. Da aka gama tumatir na bi su sheƙar alkama, ana ba mu ladan a tiya. Ni da na je gani, sai ga ni ina tara tsaraba da hannuna.

A wajen yankan kauɗa na saba da wata tsohuwa, Baba Kande. Kullum in za ta tafi gida sai ta cika tulu a kanal ta ɗora a ka. Na ce mata, "Ke da kike garin ruwa, me ya haɗa ki da dakon tulu?" Ta ce in biyo ta in gani. Muka hau tudu, tafiya mai ɗan nisa. A can unguwarsu take, gidaje a jere kamar an auna da igiya, ƙasa fara fat, gonakinsu busassu irin namu. Su ne mutanen da aka tasa lokacin da za a tare kogin. Aka ba su wuri a sama da kanal, inda ruwan ba ya hawa.

Wata Juma'a da ba aiki, ta ce tunda na zo daga nesa bai kamata in koma ban ga uwar ruwan ba. Muka shiga motar masu kifi. Dam ɗin bango ne na ƙasa da duwatsu, dogo ƙwarai, bayansa kuma ruwa ne har ba a ganin ɗaya gaɓar. Masunta baƙi sun kafa bukkoki, wasu ko Hausa ba sa ji sosai, suna banda kifi. Baba Kande ta tsaya ta daidaita kanta da wani dutse, ta miƙa hannu.

"Kin ga inda kwalekwalen can yake? Kasuwarmu ke nan. Ki ɗan matso hagu, marina. Gidanmu yana bayanta. Iyayena da maigidana da 'ya'yana uku duk suna nan ƙasa."

Na ce Allah ya jiƙansu. Ta amsa. Na tambaye ta ko tana so a ce ba a yi dam ɗin ba. Ta ce, "Farin nan da ya koro ki, da ba don ruwan nan ba da mu ma ya kore mu. Na sani. Abin da ban gane ba, garinmu aka ba ruwan ya ci, kuma mu ne ba ya zuwa wajenmu." Daga nan ta ce mu je mu taya kifi kafin motar ta cika.

Da na shirya komowa na zaunar da Habu na gaya masa maganar Abba. Ya ce, "Yaya, in ya zo akwai aiki, ba zai kwana da yunwa ba, ko shi ko yaransa. Amma kuɗin gonarku gaba ɗaya ba zai saya masa ko gefen fangali a nan ba. Masu kuɗin birni sun riga sun gano wurin." Ya haɗa mini buhun masara, na ɗora alkamata da kauɗa a kai. Delu ta cusa mini taliya busasshiya a ƙwarya.

Na kwana a wajen Hajiya Yagana. Da ta gan ni a ƙofa da buhu sai ta ce, "Lallai ke mai taurin kai ce." Na zuba mata kauɗa, ta ba ni kanwa.

A hanyar Ɗambatta muka tarar da shinge. Masu kaki sun gindaya gungume a titi, suna sauke duk wani hatsi da ya nufi arewa, wai ana fasa-ƙwaurinsa ana ƙetare iyaka da shi. Suna da wani tsinken ƙarfe da suke soka wa buhu. Aka sauke nawa, ɗaya ya soka, masara ta zubo a ƙasa. Na durƙusa na tsince ta ƙwaya-ƙwaya, sannan na hau kan buhun na zauna.

"Baba, tashi. Ina takardarki?"

"Ba ni da takarda. Buhu ɗaya ne, jikokina zan kai wa."

"Kowa haka yake cewa. Ki tashi, in kin kawo takarda kya karɓa."

Na ce, "Ɗana, in za ka ɗauka sai dai ka ɗauka da ni a kai. Ba ni da nauyi, ka gani ai."

Direba yana ta matsa ƙaho, fasinja suna ba ni baki wai in bari. Ban motsa ba. Babbansu da ke zaune a inuwa ya taso, ya dube ni, ya dubi hannuna da wuƙar tumatir ta yayyanka. Ya tambayi sunan garinmu, na faɗa. Ya ce a mayar mata da kayanta. Wanda ya soka buhun ne aka sa ya ɗora shi a mota, yana yi yana ƙunƙuni.

Na iso gida na tarar Abba ya riga ya zaga da mutumin Alhajin nan na Ɗambatta ya nuna masa iyakar gona, ana jirana kawai. Ƙaramar jikata kuma gashinta ya yi ja, cikinta ya fito. Na bari sai da matarsa Rabi ta yi tuwon masara kowa ya ci, sannan na kira su biyun na faɗa musu duk abin da na faɗa muku, ban rage mai daɗi ba, ban rage marar daɗi ba.

Abba ya ce, "To Inna, me kika yanke?"

Na ce, "Gona ba za a sayar ba. Kai kuma ka ɗauki Rabi da yara ku tafi wajen kawunka. Ka hana su shiga kanal, ko da duka ne. In hadari ya fara haɗuwa ka dawo mu yi shuka."

"Ke fa?"

"Ni ina nan. In aka bar gona ba kowa, ko ba a sayar ba wani zai ci iyakarta."

Ya ce ba zai tafi ya bar ni ni kaɗai ba, mutane za su zage shi. Na ce ya dubi kan 'yarsa, sannan ya gaya mini zagin wa ya fi tsoro. Ya je da kansa ya ba mutumin Alhaji haƙuri.

Ranar kasuwar da ta wuce suka tafi, wasunku ma sun raka su bakin hanya. Ko zai dawo da damina ban sani ba. Habu ma da zai tafi cewa ya yi zai dawo.

Da na koma gida ran nan na ɗora tukunya da yamma kamar kullum, hannuna ya auni garin da ya saba aunawa. Sai da na kwashe na ga malmala biyar a gabana. Na ci ɗaya, na rufe sauran. Tun da farin nan ya fara, ranar ce ta farko da tuwo ya kwana a gidanmu.